Rahoton Ayyukan Shekara Zuwa ga Mambobi: Ƙungiyarmu ta Masu Koyon Rubuta Manhaja a Katsina

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayen ƙungiya, malamanmu, yayyenmu da suka gama, da ƙannenmu 'yan aji ɗaya da aji biyu, barkanmu da ganin ƙarshen wata shekarar karatu. Kwamitin gudanarwa ya ɗora mini, a matsayina na sakatare, in rubuto muku abin da aka yi da abin da ya gagara. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, zai kawo shi daban tare da rasiɗai. Kafin komai, muna miƙa ta'aziyya ga 'yan uwanmu da suka yi rashi a cikin shekarar, Allah Ya jiƙan magabata, Ya ba mu haƙurin jurewa.

Saboda sababbin shiga, bari in tuna mana abin da ya haɗa mu. Ƙaramar difloma, wadda kowa ke kira ND, shekara biyu ce, zango huɗu, bisa tsarin hukumar NBTE da ke Kaduna, wadda ke kula da kwalejojin kimiyya da fasaha tun 1977. Akasarinmu 'yan kwalejin Hassan Usman Katsina ne da ke hanyar Dutsinma, sai wasu 'yan uwa daga kwalejin tarayya ta Daura. A cikin zangon nan huɗu ake so yaron da watakila bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba ya iya tsara matakan warware matsala, ya koyi harshen kwamfuta irin Java ko Python, ya san rumbun bayanai da gina shafin intanet, ya fita horo, ya dawo ya yi furojet, wato aikin kammala karatu. Malamai suna bakin ƙoƙarinsu a aji. Sai dai rubuta manhaja sana'ar hannu ce kamar ɗinki, wanda ya haddace awon riga a littafi bai zama tela ba sai ya hau keke ya ɓata yadi. Da yawa daga cikin ƙannenmu ba su da kwamfuta a gida, a takarda suke rubuta aikinsu, takarda kuwa ba ta taɓa ce wa mutum ya yi kuskure.

Shi ya sa zaman Asabar na gwajin rubuta manhaja a kan kwamfuta ya cinye mafi yawan ƙarfinmu bana. Ɗaya daga iyayen ƙungiya ya ba mu aron ɗaki a wajen Ƙofar Ƙaura, mai wutar sola, Allah Ya saka masa da alheri. Kwamfutocin da muke aiki da su tsofaffi ne, yayyenmu suka bayar, muka canza wa wasu batir, muka ƙara wa wasu ƙwaƙwalwa. Doka ɗaya muka kafa, kuma ita ce na fi jin daɗinta a duk shekarar: wanda bai iya ba shi ke zama gaban madannai, wanda ya iya ya koma gefe, ya yi bayani da baki, kada ya kai hannu. Da farko an sha wuya, domin mai iyawa ba ya haƙurin ganin ana laluben harafi. Amma a da, da zarar jan rubutu mai nuna kuskure ya fito a allo sai ɗalibi ya tsorata ya miƙa kwamfutar. Yanzu yawancinsu sukan tsaya su karanta saƙon, su duba lambar layin da aka ambata, su gano cewa baka ɗaya ce ba a rufe ba, ko an ce a tara lamba da rubutu. Waɗanda ba su samu layin kwamfuta ba mun saka musu Pydroid 3 ko Termux, manhajojin da ke ba da damar rubuta Python a waya, a wayoyinsu. Allon ƙarami ne, yatsa na gajiya, amma Python ɗin dai shi ne, kuma mutum zai iya gwaji da dare a ɗakinsa ba tare da ya ƙona data ba. Da azumi mun mayar da zaman bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, halarta ba ta ragu ba.

Aikin haɗin gwiwa na bana shi ne manhajar littafin bashi, wadda muka yi wa wani Alhaji mai shagon kayan masarufi a babbar kasuwa. Zan daɗe a kanta kaɗan, don ta koya mana abin da babu shi a jarrabawa. Mun gina ta a kan SQLite, rumbun bayanai da ke zama a cikin na'urar kanta, domin ta yi aiki ko babu sabis. Da aka zo jera sunayen masu bashi bisa haruffa, sai duk sunan da ya fara da Ɗ ko Ƙ ko Ɓ ya faɗa can ƙasa, bayan masu Z. 'Yan aji ɗaya suka ɗauka kwamfutar ce ta lalace. Dalilin kuwa shi ne kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A tsarin Unicode, wanda ke ba kowane harafi lambarsa, lambar babban Z 90 ce, ta Ɓ 385, ta Ɗ 394, ta Ƙ 408, don haka jeri na gama-gari yakan tura haruffanmu masu lanƙwasa ƙarshe. Dole muka rubuta namu jerin na Hausa, inda ɗ ke bin d, ƙ ke bin k. Sannan ga matsalar nema: yaron shago zai rubuta suna da k ko d saboda madannan wayarsa, alhali an adana shi da ƙ ko ɗ, manhaja ta ce babu mai wannan suna. Wata ƙanwarmu 'yar aji biyu ce ta gyara wannan, ta sa nema ya ɗauki haruffan biyu a matsayin ɗaya, amma adanawa ta bar kowane da ƙugiyarsa. Wanda ya rubuta littafin koyo a Amurka ko Indiya ba shi da dalilin tuna wannan. Idan mu ba mu gyara ba, babu mai gyara mana.

A nan ne kuma muka ga dalilin da ya sa ake ajiye kuɗi a kwabo, a cikakkiyar lamba. Ka ce wa Python ya tara 0.1 da 0.2, zai ba ka 0.30000000000000004, a harkar bashi kuwa kwabo ɗaya na iya ɓata zumunci. Da muka kai zubin farko, Alhaji ya mayar mana da shi, ya ce dannawar ta yi yawa, mai saye ba zai tsaya jira ba, kuma ba a tanadi wanda ke biya kaɗan-kaɗan ba. Gaskiyarsa ce. Mun yi mako muna gardamar launin allo, babu wanda ya je ya zauna a shagon ya ga yadda ciniki ke gudana. Sai da biyu daga cikinmu suka wuni can sannan aikin ya miƙe. Dukkan rubutun yana kan GitHub, shafin intanet da ake ajiye rubutun manhaja, duk mamban da ya sa hannu yana da abin nunawa ranar neman aiki.

Batun SIWES, horon wata huɗu da ake fita bayan aji ɗaya, bai yi mana daɗi ba. Wasu ƙannenmu sun dawo da littafin horo cike da sa hannu, amma abin da suka yi bai wuce buga takardu da kwafe su ba. Laifin har da namu, mun makara wajen nemo wuraren da ake aikin gaske. Yanzu mun fara tattara jerin wurare a Katsina da Kano da Kaduna ta hannun yayyenmu, muna roƙon duk mai hanya ya sanar da kwamiti tun kafin a raba takardun fita.

Haka nan 'yan uwanmu mata. Sun fara zuwa da yawa, daga baya suka ragu, kuma mun daɗe ba mu tambayi dalili ba. Da aka tambaya, sai ga shi a fili: zaman yakan kai gab da magariba, kuɗin keke Napep zuwa da dawowa yana da nauyi, wasu iyaye kuma ba su san wurin ba. Wata yayarmu da ta gama babbar difloma ta amince ta jagoranci zaman safe na mata zalla, kuma shugaba zai ziyarci iyayen da ke son ƙarin bayani. Ya kamata a ce tun tsakiyar shekara aka yi haka.

Akwai maganar da kwamiti ya ce in faɗa ba tare da kwana-kwana ba. Mun samu labarin wasu na karɓar kuɗi su rubuta wa ɗalibai furojet. Ƙungiya ba ta yarda da wannan ba, duk mamban da aka samu da shi za a cire sunansa. Furojet ne kaɗai lokacin da ɗalibi zai ɗauki aiki daga tushe har ƙarshe da hannunsa, wanda ya sayar masa ya cuce shi, ko da ya ga kamar taimako ne. Wanda aikinsa ya cije ya kawo shi zaman Asabar, za a zauna da shi kyauta har ya gane.

Mun yi zama ɗaya na musamman kan abin da ke bayan ND. Mai son babbar difloma yana buƙatar aƙalla maki 2.50 cikin 4.00 da shekara guda ta sanin makamar aiki. A 2024 NBTE ta raba babbar diflomar kwamfuta gida huɗu: ƙirƙirarriyar basira, haɗa na'urori da ajiya ta intanet, gina manhaja da shafuka, sai tsaron intanet da kare bayanai. Ke nan tun daga aji biyu ya kamata ɗalibi ya san inda zuciyarsa ta karkata. An kuma yi bayanin shiga jami'a aji biyu kai tsaye ta JAMB. Mun taimaka wa masu cike neman rancen karatu na NELFUND, inda yawan tangarɗa ke zuwa daga saɓanin suna tsakanin NIN da BVN da takardar JAMB, da masu neman shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, mai horar da mutane a fasahar zamani.

Wa'adin wannan kwamiti ya cika. A babban taro mai zuwa za a saurari ma'aji, a yi zaɓe, a kuma yanke shawara kan sayen ƙarin batirin sola, domin wanda muke da shi ba ya kai mu la'asar idan hadari ya rufe rana. Duk mai tsohuwar kwamfuta a ajiye, ko ta mutu, ya taho da ita tare da cajarta, akwai masu gyara a cikinmu.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa.