Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Mai Karɓar Aikin Gidajen Tarihi

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mahaifiyarka ta shaida mini ka ajiye aikin albashi, za ka ci gashin kanka, kana karɓar ayyukan gidajen tarihi kana jagoranta, yau nan gobe can. Ita dai hankalinta bai kwanta ba. Ni ban hana ka ba, musamman tun da UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta saka hawan Sallar Kano a jerin al'adun duniya a 2024, na san aiki zai samu. Amma ka saurare ni.

Masu ba da tallafi da kalandar ofis suke lissafi, ginin ƙasa kuwa da damina yake nasa. Gidan Makama, gidan tarihin nan na Kano, yana tsaye tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ƙarni na 15, kuma yaɓe ne ya kawo shi yau. Yaɓe da shafen makuba, wato haɗin ɓawon ɗorawa da ke kare katanga daga ruwa, da rani ake yin su, katanga ta bushe sarai kafin ruwa ya sauka. In kuɗi bai fito ba sai watan Yuli, ka faɗa musu ƙiri-ƙiri a jira kaka ta wuce, ko da za su ɓata rai. Azara ma ba a shago ake tsintar ta ba, sai an sari giginya an tsaga, don haka ka yi odarta da wuri. Wani zai ce maka a shafe da siminti a huta. Kada ka yarda. Siminti yana kulle danshi a ciki, ƙasar ta ruɓe a bayansa, wata rana ka ga ya ɓanɓaro gaba ɗaya. Tsofaffin magina sun fi takardarka sanin wannan, ka zauna da su kafin ka rubuta jadawali.

Sannan ka san mai wuri. Gidan Makama na hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ne, Gidan Ɗan Hausa na jiha, badala kuma akwai masu unguwa da sarakunan ƙofa. Ka je ka gaishe su tun kafin ka kafa tsani. Masu rini na Ƙofar Mata ma sana'arsu suke yi, ba don a ɗauke su hoto suke zaune ba.

Maganar kuɗi, a jikina na koya. Na taɓa yi wa wata ƙungiya gyaran soro a kan baki kawai, na biya leburori daga aljihuna, cikon kuɗina sai bayan wata 8, shi ma da sintiri. Ka rubuta yarjejeniya: iyakar aikin, ranar biya, da wanda zai ɗauki ƙarin in kaya suka tashi. Ka karɓi kafin alƙalami, kuma kada ka haɗa kuɗin aiki da na cefane.

Duk abin da aka damƙa maka, kundi ne a gafaka ko takobi, a ɗauki hotonsa, a sa masa lamba, ku sa hannu kai da mai ajiya. Ka ɗaga littattafai daga ƙasa saboda gara. In dillalin kayan tarihi ya fara yi maka fara'a, ka rage zama da shi.

Ranar Juma'a bayan masallaci ka biyo da takardar kwangilar nan in duba kafin ka sa hannu. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.