Esi mai taya: a fitar da tiyonsa waje, a toshe tagar da kyau

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin jama'ar Kano game da wata na'ura da take ƙara shiga gidaje da shaguna duk lokacin da bazara ta kama, wato na'urar sanyaya ɗaki ta tafi-da-gidanka, wadda aka fi sani da esi mai taya. Sana'ata gyaran firji da esi, kuma abin da nake tararwa a gidajen da ake kirana yana damuna ƙwarai, domin mutane suna zuba kuɗinsu, suna biyan wuta da tsada, amma zafin yana nan daram, wasu ma rayukan iyalinsu suke jefawa cikin haɗari ba su sani ba.

Ban ga laifin wanda ya saye ta ba. Daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan yakan haura digiri 40 da rana, ɗakin da aka rufa da kwano kuwa yakan riƙe zafin har tsakar dare. Ɗan haya ba shi da ikon fasa bangon mai gida ya kafa esin bango, saboda haka na'urar da zai tura daga falo zuwa ɗaki, ya kuma tafi da abarsa ranar da zai tashi, dole ta ba shi sha'awa.

Abin da ba a yi wa masu saye bayani shi ne, esi ba ya ƙirƙirar sanyi, zafi yake kwashewa daga wani wuri ya zubar a wani. Duk wanda ya taɓa sa hannu a bayan firji ya ji ɗumin da yake fitowa ya ga wannan aikin da idonsa. Esin bango kashi biyu ne, ɗaya a ciki ɗaya a waje, kuma na wajen ne yake zubar da zafin. Shi kuwa mai taya komai nasa a akwati ɗaya yake, a cikin ɗakin, ba shi da wata hanyar fitar da zafin sai wannan tiyo mai kauri da yake bayansa. Idan aka bar bakin tiyon a cikin ɗaki, zafin da aka kwashe zai dawo gaba ɗaya, a kuma ƙara masa da zafin wutar da injin ya ci, wadda takan kai wat 1,000 ko fiye. Sakamakon haka ɗakin ƙara zafi zai yi.

Na shiga wani gida na tarar an cusa tiyon a bayan labule, labulen ya ɗau zafi, yara sun yi cincirindo a gaban na'urar suna rububin iskar da take hurowa, mahaifinsu kuma yana rantsuwa cewa gas ne ya ƙare. Gas ɗin lafiyarsa ƙalau. A wani shagon ɗinki kuma silin aka huda aka tura tiyon sama, alhali tsakanin silin da kwano ya riga ya cika da zafin rana, sai iskar ta riƙa dawowa ta gefen fitilu da duk wata kafa da ta samu.

Gaskiya ne tagoginmu ba su sauƙaƙa aikin ba. Allon roba da yake zuwa a kwalin na'urar an yi shi ne domin taga mai zugewa, irin ta alminiyam. Yawancin tagoginmu kuwa ko masu buɗewa waje ne, ko masu jerin gilasai, ga ƙarafunan tsaro, ga ragar sauro, faɗin tiyon kuma yakan kai santimita 15, ya fi ƙarfin tazarar da take tsakanin ƙarafan. Amma wannan ba dalili ba ne na buɗe taga a rataya tiyon a bar sauran a hangame, domin iskar da aka fitar za ta juyo ta gefe, tare da ƙura da sauro. Kafinta zai iya yanka falanki daidai girman ɓangaren tagar, ya huda rami daidai bakin tiyon, a kafa shi ta ciki, a bi gefe-gefen da soso ko roba har sai an sa hannu ba a ji iska tana ratsowa ba. Kayan duka ana samunsu a Ƙofar Ruwa, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin na'urar. Kada a yanke ƙarfen tsaro, kada kuma a yaga raga, a dai riƙa goge ƙurar da take taruwa a kanta, musamman bayan hunturu.

Tsawon tiyon bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, kuma da gangan masu ƙera shi suka yi haka. Wasu sukan ƙara masa bututun ruwa domin na'urar ta zo kusa da gado, wasu kuma su lanƙwasa shi sau biyu ko uku. Duk wannan yana hana iskar fita da sauri, tiyon ya yi zafi ya riƙa ɗumama ɗakin, kwamfireso, wato injin da yake matsa gas, ya wahala har ya riƙa kashe kansa. Na'urar ce za a matsar kusa da taga, a bar tiyon gajere kuma a miƙe.

Babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne batun janareta. Yawancin waɗannan na'urori tiyo ɗaya gare su, kuma iskar da suke fitarwa daga cikin ɗakin suke ɗibanta. Duk iskar da ta fita dole wata ta maye gurbinta, ta ƙarƙashin ƙofa ko ta wata kafa. To, idan an ajiye janareta a tsakar gida kusa da ƙofar ɗaki, ko a soro, ko a lungun da yake bayan taga, na'urar da kanta za ta riƙa janyo hayaƙinsa ciki, mutane suna barci, ƙofa a rufe. A cikin hayaƙin akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kuma kashe mutum a cikin barcinsa. Haka murhun gawayi da aka bari yana ci a bakin ƙofa. Ina roƙon magidanta don Allah su nisanta janareta daga kowace ƙofa da taga, a ajiye shi a fili inda iska take kaɗawa. Wanda yake da hali ya nemi na'ura mai tiyo biyu, domin ita daga waje take jan iskar da take sanyaya injinta.

A kuma duba inda bakin tiyon ya fuskanta. A cikin birni lunguna matsattsu ne, taga tana kallon taga, kuma ba daidai ba ne mutum ya kwana cikin sanyi yana hura wa maƙwabcinsa zafi a ɗakin da yaransa suke kwance.

Ta fuskar aljihu ma lissafin a fili yake. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda aka ware domin su fi samun wuta, zuwa naira 225 a kan kowane yunit, na'urar da take cin wat 1,000 kuwa yunit guda take sha a kowace awa. Wanda ya kunna ta dare ɗaya a ɗakin da tagarsa take hangame ya biya kuɗin sanyin da bai samu ba.

Kirana na musamman ga 'yan kasuwa ne, musamman masu sayar da na hannu da ake shigowa da su daga waje, waɗanda sau da yawa sukan zo babu tiyo babu allon taga. Su ji tsoron Allah su gaya wa mai saye cewa na'urar ba za ta yi aiki haka nan ba. Su kuma daina haɗa ta da kula mai shan ruwa, wato na'urar da take sanyaya iska da ruwa, wadda ba ta da tiyo, take buƙatar taga a buɗe, take amfani lokacin da iska ta bushe amma ta kasa idan damina ta sauka. Mai saye shi ma kada ya miƙa kuɗinsa sai ya ga tiyon, ya ga bakin da ake ɗaura shi a taga, ya kuma auna tagar ɗakinsa tun kafin ya bar gida.

Na gode da ba ni wannan dama.

Daga mai gyaran firji da esi,
Unguwar Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.