Godiya ga ma'aikatan asibitin dabbobi na Damagaram

Assalamu alaikum.

Ina miƙa godiyata a bainar jama'a ga likitan dabbobi da mataimakansa. Kowa ya san aikinku na yau da kullum: rigakafin shanu, duba raƙuma da awaki, ga ragunan layya in lokacinsu ya zo. Duk da haka, da muka shigo ni da ɗana da zomaye biyu a cikin kwali, kun karɓe mu kamar masu garke.

Zomayen maza ne, ƴan ciki ɗaya, tare suka tashi lafiya lau. Da suka kai wajen wata huɗu sai faɗa ya ɓarke, gashi na tashi a tsakar gida, ɗaya har kunnensa ya yage. Maƙwabta suka ce a yanka guda a huta, yaron kuwa ko tuwo ya kasa ci.

Likita ya wanke raunin, sannan ya ce: "Malam, ba mugunta ba ce, balaga ce." Ya bayyana mana cewa namijin zomo in ya balaga ba ya yarda da wani namiji a wurinsa, kuma cizonsu yakan kai ga maraina. Maganin shi ne a yi wa dukansu fiɗiya. Ya ce kada a hana su abinci kafin aikin, domin zomo ba ya amai, kuma zama da yunwa na tsayar masa da hanji. Bayan aikin a raba su sati 4 zuwa 6, har ƙarfin namijin ya kwanta.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne yadda mataimakinsa ya durƙusa gaban yaron yana koya masa sauran aikin, bai ƙosa da tambayoyinsa ba. Keji biyu kusa da juna, da ɗan rata yadda haƙori ba zai kai ba. Kullum a musanya musu shimfiɗa, kowa ya saba da warin ɗan'uwansa. Ranar haɗuwa kuma a kai su inda babu wanda ya taɓa zama, mu zaure muka zaɓa, a zuba harawa tsibi biyu, a bar su ƴan mintoci kaɗan. Hawan juna da ƴar kora ba komai ba ne. Amma in suka fara zagaya juna da sauri, wutsiya a ɗage, a sa faifai a tsakani, kada a sa hannu. Ya ƙara da cewa a yi haka da sanyin safiya ko bayan la'asar, don zomo ba ya gumi, ta kunne yake rage zafin jiki, zafin bazarar Damagaram kuwa ba sai an faɗa wa kowa ba.

Mun bi a sannu. Yanzu wuri ɗaya suke kwana, mai yagaggen kunnen yakan sunkuyar da kai ɗan'uwansa na lasar masa goshi, wanda kuka ce ita ce alamar sun shirya.

Masu kiwon zomo na Zango da Garin Malam da sauran unguwanni, ku kai musu naku tun kafin a ji rauni. Likita, Allah ya saka muku da alheri, ya albarkaci zuri'arku, ya ƙara wa hannunku albarka.

Wani uba daga unguwar Birni, Damagaram