A Kula Da Wasa Wuƙa A Gida

Malam Edita, salamu alaikum. Dan Allah a bani fili in ja hankalin ƴan uwana masu dukanci a cikin gida nan Marwa. Wuƙa in ta dakushe ita ce ma tafi yanka mutum, don sai ka danna da ƙarfi ta zame ta sauka a yatsa. Amma kuma wasu na kafa ta a inji har bakin yayi shuɗi, to wallahi ƙarfen ya ƙone kenan, bazai ƙara riƙe kaifi ba, gara dutse da ruwa a hankali sannan ka goga a bayan fata. Mai inji kuma yasa tabarau, tartsatsin nan ba ruwanshi da ido. In an gama a rataye ta sama inda yara basa kaiwa.

Naku, wani baduku, Marwa, Kamaru