Wasiƙa daga bakin Kogin Tees

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ya jikin Inna? Ni ma lafiya lau, sai sanyi. A hunturu ƙarfe huɗu na yamma duhu ya riga ya shiga.

Na ji Auta ya matsa a sayar da filin nan ya taho. Don Allah ku dakata. Ba duk Ingila ce Landan ba. Middlesbrough da nake zaune tana arewa maso gabas, kuma ƙarfe ne ya haife ta. A 1801 gona ce kawai, mutanenta ba su wuce 25 ba. Layin dogo ya iso a 1830 don a riƙa loda kwal a jiragen ruwa, sannan a 1850 aka gano ƙasar tama a duwatsun Eston. Shi ke nan fa, leburori suka yi ta kwarara, har daga Ayalan. Kai da ke sana'ar walda za ka so wannan: babbar gadar Sidni ta Ostareliya da aka buɗe a 1932, kamfanin garin nan ne, Dorman Long, ya ƙera ta.

Akwai wata gada shuɗiya a kan kogin, tun 1911. Ba bi ta kanta ake yi ba. Wani dandamali ne ke rataye da igiyoyin ƙarfe, motoci su hau, a ja shi zuwa ƙetare, an yi ta da tsayi haka don jirage su wuce ta ƙasa. Tun 2019 take rufe, ta tsufa. Duk da haka hotonta na ko'ina, har a kofin shayi.

Ƙarfen kam ya ƙare. Masana'antar ƙarfe ta Redcar, wani gari kusa da mu, ta rufe a 2015, mutum wajen 2,000 suka rasa aiki, a 2022 kuma aka rushe babban tanderun narka ƙarfen da nakiya. Ka tuna yadda Kakuri ta koma bayan masaƙu sun mutu? To, kusan haka ne, sai dai nan gwamnati na ɗan tallafa wa marasa aiki. Tashar jiragen ruwa da wasu kamfanonin sinadarai suna nan, amma ba sa ɗaukar irinmu da sauƙi.

Mu aikin kula da tsofaffi ne ya rufa mana asiri. Akwai wani dattijo da nake yi wa wanka, bayan hannunsa duk tabon ƙuna, shekara da shekaru yana gaban wuta. Da ya ji ni ɗan Najeriya ne sai ya washe baki, wai Yakubu! Yakubu Aiyegbeni yake nufi, da ya buga musu ƙwallo daga 2005 zuwa 2007. Mutanen suna da sakin fuska, ban da 'yan tsiraru.

Haya ta fi ta Landan sauƙi nesa ba kusa ba, akwai masallatai, naman halal ma ba ya wuya. Amma kuɗin gas na ɗumama ɗaki shi ke cinye albashi, ga kuɗin makaranta. Shi ya sa abin da na turo wancan watan bai taka kara ya karya ba.

Ka ce wa Auta ya kira ni ranar Lahadi bayan la'asar ɗinku, mu yi lissafin tare kafin a taɓa filin. In an samu mai zuwa, a aiko min da kuka da daddawa. A gaida Inna, ta ci gaba da sa ni a addu'a.

Ƙaninka