Takardar Koke Kan Gandun Jama'a, Rumbun Gari da Takardun Kafuwar Garinmu

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
ta hannun Dagaci.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma, masu wannan kuka su ne limamai, masu unguwanni, dattawa da malaman firamare na garin malamai da ke ƙarƙashin gundumarka a kudancin ƙasar Kano. Magana ce a kan gandun jama'a. Tun bayan kaka dillalan filaye ke zuwa daga birni suna taka ɓangarensa da ke bakin titi, wasu daga cikin magadan Malam, wanda ya kafa garin, kuma sun fara cewa a sa shi cikin rabon gado. Muna roƙon a tsayar da wannan ciniki har sai an saurari yadda gandun ya samu.

Garin nan ba taruwa ya yi da kansa a gefen kasuwa ko bakin rafi ba. Malami ne ya fito da almajiransa tun kafin Turawa su ci Kano a 1903, ya nemi izinin sarakuna, suka sari daji da niyyar zama a kan ƙa'idar da suka ɗaura wa kansu. Irin wannan ƙaura ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Shehu Usmanu ya tashi da jama'arsa daga Degel zuwa Gudu a 1804. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zaunar da mutane a Wurno a matsayin ribaɗi, wato garin tsaron iyaka, can ya rasu a 1837. Nan kusa da mu, Malam Hamza ya bar Tsakuwa wajen 1846 saboda saɓani kan haraji, ya nufi duwatsun Ningi. Namu malamin bai bi hanyar jayayya da sarauta ba, shi ya sa har yau ƙofarka muke kawo kuka.

Ƙa'idar garin gajeriya ce. Kowane magidanci yana da gayaunarsa, amma gandu na kowa ne, ana nome shi da gayya ranar Alhamis da safiyar Juma'a, ranakun da makarantar allo ke hutu. Abin da aka girbe rumbun gari yake shiga, daga nan ake ciyar da almajirai, baƙi, marayu da matan da ke takaba. Ba a sayar da ko kunya ɗaya ta gandu, ba a jinginar da ita. Baƙon da ya zo zama ana ba shi aron fili a gefen gandun, shi kuma ya kawo dami ɗaya duk kaka. Damin nan ba kuɗin haya ba ne, shaida ce cewa ƙasar ba tasa ba ce.

Ranka ya daɗe, malaman makarantarmu sun bibiyi tarihin garuruwan da aka kafa a kan irin wannan niyya a wasu ƙasashe, kuma abin da suka samu ya shafe mu. A Amurka, Robert Owen ya sayi garin New Harmony a jihar Indiyana a 1825 don mutane su zauna da dukiya a haɗe. Ya buɗe ƙofa ga duk wanda ya zo, masu ci suka fi masu sana'a yawa, aka yi ta sauya tsarin mulkin garin, ƙasar kuma ba ta taɓa zama mallakar jama'ar a takarda ba. Zuwa 1827 abin ya watse. A nan Najeriya masunta 'yan Ilaje sun kafa Ayetoro a gaɓar tekun Ondo a 1947, suka haɗa dukiya, suka kai ga ƙera jiragen ruwa da samar wa kansu lantarki, amma daga ƙarshen shekarun 1960 tsarin ya fara sassautawa, kowa ya koma neman nasa. Waɗanda suka fi ba mu sha'awa su ne mutanen ƙauyuka bakwai na Amana a jihar Ayowa ta Amurka. Da suka ga zaman haɗaka ba zai ɗore ba, a 1932 suka zauna suka rubuta sabon tsari, suka daina girki a tukunya ɗaya, amma suka bar ƙasar a dunƙule ƙarƙashin kamfani mai hannun jari na 'yan garin. Mu ma ba mu ce a tilasta wa jikokinmu rayuwar kakanni ba. Ƙasar muke so ta tsira a dunƙule, da takarda.

Ga yadda ɓarnar ke shiga, domin ba dare ɗaya ta faru ba. Iyakar gandun da gamba aka shata ta, da tsamiya da kuka a kusurwoyi. An yanke gambar an yi zana ba a bar tushe ba, an sare wasu itatuwan an yi gawayi. Da alama ta ɓace, mai garmar shanu da ke maƙwabtaka yana ƙara kunya ɗaya duk damina, ba wanda zai lura a shekarar, sai bayan shekara goma a ga an ci taku masu yawa. Sannan damin shaida ya daina zuwa, aka ji nauyin tambaya saboda surukuta da zumunci. Nan haɗarin yake, domin a hukuncin hauzi na mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, wanda ya riƙe fili shekara 10 mai shi yana gani bai yi magana ba, in bare ne, da'awar mai filin tana iya faɗuwa. Tsakanin dangi ana kaiwa shekara 40. Aro da hubusi, wato kadarar da aka tsayar sadaka don amfanin jama'a, ba sa faɗawa cikin wannan hukunci, amma sai an tabbatar cewa aro ne ko hubusi ne. In bango bai tsage ba, ƙadangare ba ya samun wurin shiga.

Hujjar magada ita ce da sunan Malam aka san gandun, kuma gidansa ke biyan harajinsa a da. Ba mu raina su ba, 'ya'yan malaminmu ne, gidan gado da gayaunar Malam haƙƙinsu ne ba mai taɓawa. Sai dai sharaɗin hubusi a Malikiyya shi ne abin ya fita daga hannun mai bayarwa tun yana raye da lafiyarsa, kuma gandun nan jama'a ce ta nome shi, ladan da liman suka riƙe rumbunsa, tun Malam na da rai. Tsohon hubusi kuma ana tabbatar da shi da shaidar ji, wato mutanen kirki su ce tun tasowarsu haka suka ji ana faɗa. Masu wannan shaida tsofaffi ne ƙwarai, kuma duk shekara raguwa suke yi.

Don haka abu na farko da muke nema bayan tsayar da ciniki shi ne a ɗauki bayanin dattawan nan, maza da mata. A ɗauke su ɗaya bayan ɗaya a gidajensu, kada a tara su a zaure guda, domin in babba ya yi magana na ƙasa da shi ba zai saɓa masa ba ko da ya san wani abu daban. A naɗi murya, a rubuta, a karanta wa mai bayanin ya amince a gaban shaidu biyu. Bayan haka wakilinka ya zo a taka iyaka tare da Dagaci, maƙwabtan gandu na kowane ɓangare da safiyo, a kafa turakun siminti a kowace kusurwa da duk inda iyaka ta karkata, a sake dasa gamba a tsakaninsu da ruwan farko. Da wannan taswira da shaidun za mu je kotun shari'a a tabbatar da hubusi, a sanar da Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano, sannan a nemi takardar mallaka ta gargajiya daga ƙaramar hukuma, wadda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ta ikon bayarwa a filayen karkara. Kada takardar ta fito da sunan mutum ɗaya, ko liman ne, domin ranar da ya rasu 'ya'yansa za su same ta a akwatinsa. Ta fito da sunan jama'a ta hannun amintattu, da gurbi ɗaya na dindindin ga gidan Malam.

Rumbun kuma gyaransa a hannunmu yake, sa albarkarka kawai muke so. Gero zai koma ajiya a damma, ba a sussuke ba, a rumbun ƙasa da ke kan duwatsu, a sabunta jinka kafin damina, domin sussukakken hatsi a buhu ƙwari sun fi saurin cinye shi. Wake ya shiga buhu mai leda biyu a ciki, a ɗaure kowace daban. Rance a lokacin marka ake bayarwa, a biya da kaka tiya da tiya ba ƙari, gero da gero, da kwano ɗaya da aka ajiye a masallaci, a shafe bakinsa wajen bayarwa da wajen karɓa. Bayarwa a tule a karɓa a shafe shi ya ci rumbun a baya, buhun da ya kamata ya dawo tiya 40 sai ya dawo da giɓi. Kwaɗo uku, makulli a hannun mutum uku, da littafin da za a karanta a bainar jama'a bayan sallar Idi.

Saura maganar takardun Malam da ke cikin gafaka a gidan gado. Gara da ɗigar ruwa sun fara taɓa su. Muna roƙo ka nema mana masana daga Gidan Ɗan Hausa ko Jami'ar Bayero su zo su ɗauki hoton kowane shafi a inuwa, bisa jerin da aka same su, ba tare da an fitar da su daga garin ba. Kada a liƙa musu salatif, kada a manne su cikin leda da zafi, kada a sa musu lamba da biro. Mai yiwuwa a cikinsu akwai wasiƙar izinin saran dajin ko wasiyyar Malam, kuma duk abin da aka samu, ko ya goyi bayanmu ko ya goyi bayan magada, a karanta shi a gabanka.

Muna fatan a sa ranar zama kafin a fara sharar gona, domin da zarar an yi shuka ba a taka iyaka sai an girbe.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da adalci.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
limamai, masu unguwanni, dattawa da malaman makaranta, a madadin jama'ar gari.