Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga mai tambaya: wane tarihi Preston North End take da shi?

Assalamu alaikum, Malam.

Tambayar da ka yi mana a bainar jama'a ta iso, kuma ga ta kamar yadda ka faɗe ta: me ya sa muke yawan ambaton Preston North End, ƙungiyar da ko sau ɗaya ba ta taɓa buga gasar Firimiya ba, kuma wane tarihi ne za a samu a wurin kulob ɗin da ya maƙale a rukuni na biyu na Ingila? Tambaya ce mai kyau, kuma mun san ba kai kaɗai take damu ba. Amsarmu a taƙaice ita ce kuɗin 'yan wasa ne ya ɗaga Preston, shi ne kuma ya saukar da ita, kuma wanda ya fahimci yadda hakan ya faru ya fahimci yadda ƙwallon Ingila ta koma abin da muke kallo yau.

Bari mu fara da abin da ka sani. A kakar 2003-04 Arsenal, wadda Nwankwo Kanu yake cikinta, ta buga wasa 38 a Firimiya ba a doke ta ba. Shekara 115 kafin nan Preston ta riga ta yi haka. Kakar 1888-89 ita ce kakar farko ta gasar lig a duniya, ƙungiyoyi 12 ne suka kafa ta, Preston na cikinsu. Ta buga wasa 22, ta ci 18, ta yi canjaras 4, ta zura ƙwallo 74, aka zura mata 15. A lokacin maki biyu ake ba wanda ya yi nasara, saboda haka ta gama da maki 40, Aston Villa na biye da ita da tazarar maki 11. A kakar ta ɗauki Kofin FA ba tare da an zura mata ko ƙwallo ɗaya ba, ta doke Wolverhampton 3-0 a wasan ƙarshe. Za ka iya cewa wasa 22 ba 38 ba ne, kuma gaskiyarka. Amma haɗa lig da kofi ba tare da shan kashi ba, har yau babu wanda ya sake yi a Ingila. Ta sake lashe lig a kakar da ta biyo baya, sannan ta zo ta biyu sau uku a jere.

Yadda aka gina waccan ƙungiya shi ne gundarin labarin. Preston gari ne na masaƙun auduga a yankin Lancashire, arewa maso yammacin Ingila. Kulob ɗin ya fara ne da wasan kurket a 1863, ya koma filin Deepdale a 1875, ya rungumi ƙwallon ƙafa gaba ɗaya a 1880. Mutumin da ya juya shi shi ne William Sudell, manajan wata masaƙa. A wancan zamani doka ta hana biyan ɗan wasa, domin masu riƙe da hukumar ƙwallon Ingila ta FA 'ya'yan masu hali ne na kudanci, ƙwallo a wurinsu nishaɗi ce. Sudell ya riƙa ɗauko 'yan wasa daga Sikotland, inda aka ƙware a miƙa ƙwallo daga ƙafa zuwa ƙafa, ya sama musu aiki a gari, ya kuma biya su ta bayan fage. A Janairun 1884 wata ƙungiyar Landan mai suna Upton Park ta kai ƙara bayan sun tashi 1-1 a Kofin FA, aka kori Preston daga gasar. Ƙungiyoyin arewa suka yi barazanar ɓallewa su kafa tasu hukumar, FA ta ga ba sarki sai Allah, ta halatta biyan 'yan wasa a Yulin 1885. Duk albashin da kake ji ana biya yau daga wannan rigima ya samo asali. Shi kuwa Sudell ƙarshensa bai yi kyau ba: a 1895 aka ɗaure shi shekara uku saboda ya riƙa ɗibar kuɗin masaƙar da yake wa aiki yana zubawa a kulob. Ba ma ɓoye wannan, domin yana cikin tarihin.

Cikin waɗanda suka tsare wa Preston raga a waɗannan shekaru akwai Arthur Wharton, haifaffen Jamestown a birnin Accra, 1865. Ya buga mata tsakanin 1886 da 1888, har ya kai wasan kusa da na ƙarshe na Kofin FA a 1887, kuma shi ake ɗauka a matsayin baƙar fata na farko da ya mayar da ƙwallo sana'a. A Oktoban 1887 ne kuma Preston ta lallasa Hyde 26-0, sakamakon da har yanzu ba a wuce shi ba a Kofin FA.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi muhimmanci ga tambayarka, wato dalilin faɗuwa. Bayan an halatta biya, sai hukumar lig ta sa masa linzami guda biyu. Na farko iyakar albashi, wadda ta fara a fam 4 a mako a 1901, ta kai fam 20 zuwa ƙarshen shekarun 1950. Na biyu tsarin riƙe ɗan wasa: ko kwantiraginsa ya ƙare, ba ya iya komawa wani kulob sai da yardar wanda ke riƙe da rajistarsa. Waɗannan dokoki sun danne 'yan wasa, babu shakka, amma su ne suka bai wa ƙaramin gari damar riƙe gwaninsa. Idan Manchester United ba za ta iya biyanka fiye da Preston ba, me zai raba ka da garinku?

Tom Finney shi ne hujja. Ɗan garin ne, an haife shi a 1922, ya koyi aikin famfo, kuma bai bar sana'ar ba har lokacin da yake tauraron Ingila. Ya buga wa Preston wasan lig 433 ya ci ƙwallo 187, ya buga wa Ingila 76 ya ci 30, aka zaɓe shi gwarzon shekara a 1954 da 1957, kuma alƙalin wasa bai taɓa rubuta sunansa ko korarsa ba. A 1952 Palermo ta Italiya ta yi masa tayin fam 10,000 kuɗin sa hannu, da albashi mai tsoka, da gida, da mota. Shugaban kulob ya ce a'a, magana ta mutu a nan, domin doka tana bayansa. Da Finney, Preston ta zo ta biyu a 1953 da 1958. Ta 1953 ta fi ciwo: ita da Arsenal kowa maki 54, aka raba gardama ta hanyar raba ƙwallayen da kowa ya ci da waɗanda aka zura masa, Arsenal ta wuce da tazarar da ba ta kai 0.1 ba.

Finney ya yi ritaya a 1960. A Janairun 1961 ƙungiyar 'yan wasa ƙarƙashin Jimmy Hill ta tilasta aka soke iyakar albashi, nan take Fulham ta fara biyan Johnny Haynes fam 100 a mako. A wannan shekarar Preston ta faɗi daga rukunin farko, kuma har yau ba ta koma ba. A 1963 kotu ta rusa tsarin riƙe ɗan wasa a shari'ar George Eastham. Haɗa wannan da rufewar masaƙu, da sababbin manyan hanyoyi (babbar hanyar mota ta farko a Birtaniya a gefen Preston aka buɗe ta a 1958) waɗanda suka sa matashi zai iya zuwa Manchester ko Liverpool, tafiyar mil 30 kawai, ya kalli wasa ya dawo. Sai kuma 1983, da aka daina ba ƙungiyar da ta zo baƙunta kaso daga kuɗin ƙofa a wasannin lig, kowa ya riƙe na filinsa. Ba Preston kaɗai abin ya shafa ba. Blackpool da Bolton da Burnley, maƙwabtanta, duk sun gangara har rukuni na huɗu.

Preston ma ta gangara. A kakar 1985-86 ta gama ta 91 cikin ƙungiyoyi 92, sai da ta roƙi sauran ƙungiyoyi su jefa mata ƙuri'a kafin ta ci gaba da zama a lig. Don neman kuɗin haya aka shimfiɗa ciyawar roba a Deepdale daga 1986 zuwa 1994, irin ta farkon nan mai tauri, wadda ƙwallo ke tsalle a kanta fiye da ƙima, mai goge fatar duk wanda ya zame. Farfaɗowa ta zo a shekarun 1990. David Beckham ya zo aro a 1995, ya buga wasa biyar ya ci biyu, ɗaya kai tsaye daga bugun kusurwa. David Moyes, wanda ɗan wasan baya ne a kulob ɗin, ya zama koci a 1998, ya hau da ita rukuni na biyu a 2000. Sau biyu ta kai wasan ƙarshe na cike gurbin shiga Firimiya: Bolton ta doke ta 3-0 a 2001, West Ham ta doke ta 1-0 a 2005. Ta sake faɗawa rukuni na uku a 2011, ta dawo a 2015 bayan ta ci Swindon 4-0 a Wembley, Jermaine Beckford ya zura uku. Cikin duk ƙungiyoyin da suka taɓa zama zakarun Ingila, ita kaɗai ce ba ta taɓa taka Firimiya ba.

Za ka ce to me ya hana ta yanzu? A gasar Championship, wato rukuni na biyu, ƙungiyoyi 24 ne, kowace na buga wasa 46, uku su hau uku su faɗi. Wadda ta faɗo daga Firimiya tana zuwa da kuɗin sassauci: kashi 55 cikin ɗari na kason talabijin da ake raba wa ƙungiyoyin Firimiya daidai-wa-daida a shekarar farko, 45 a ta biyu, 20 a ta uku idan ta yi fiye da kaka ɗaya a sama. Kulob irin Preston, mai filin da ke ɗaukar mutum kusan 23,000, ba ya samun ko kusa da haka. Zaɓinsa biyu ne. Ko ya ci bashi ya yi gasa, alhali dokar da aka bi shekaru da dama ta ƙayyade asara a fam miliyan 39 cikin shekara uku, wanda ya ƙetare a zaftare masa maki (Birmingham ta rasa 9 a 2019, Derby ta rasa 21 a kakar 2021-22, 9 saboda keta dokar kuɗi, 12 saboda ta durƙushe da bashi, ta faɗi). Ko kuma ya sayi ɗan wasa da araha, ya gyara shi, ya sayar, mai kulob ya cike giɓin da ya rage daga aljihunsa. Hanya ta biyu Preston ta bi, ƙarƙashin mai kulob Trevor Hemmings daga 2010 har rasuwarsa a 2021. Haka David Nugent ya tafi Portsmouth a 2007 tun kafin zamanin Hemmings, Jordan Hugill ya tafi West Ham a 2018, Ben Davies ya tafi Liverpool a 2021. Illar wannan hanya a bayyane take: duk lokacin da ƙungiya ta fara kankama, sai a cire mata ginshiƙi, koci ya koma gini daga tushe, a kuma jingina da 'yan aro da za su koma gida a watan Mayu. A ganinmu hanya ce ta hankali, amma muna fahimtar magoya bayan da suka gaji da tsakiyar teburi. A 2025 ma sai a ranar ƙarshe ta tsira daga faɗuwa.

Game da al'ada kuwa, Deepdale kanta littafi ce. Ɓangarori huɗu na filin kowanne da sunansa: na Sir Tom Finney, na Bill Shankly (wanda yake cikin tawagar da ta ci Kofin FA a 1938 kafin ya je ya gina Liverpool), na Alan Kelly, golan da ya fi kowa buga wa kulob ɗin wasan lig, sai na huɗu da aka sa wa sunan tawagar 1889. An jera kujeru masu launi daban-daban ta yadda fuskokin mutanen uku ke fitowa idan babu kowa a zaune. A ƙofar filin akwai mutum-mutumin Finney cikin feshin ruwa, wanda aka ɗauko daga hotonsa na 1956 yana zamewa a filin Chelsea da ruwan sama ya cika. A wannan fili ne matan masana'antar Dick, Kerr suka buga wasansu na farko ranar Kirsimetin 1917 a gaban mutum 10,000. A Disamban 1920 mutum 53,000 suka kalle su a Goodison Park, bayan shekara guda FA ta haramta wa mata filayenta, haramcin da ya ɗauki kusan shekara hamsin. Rigar 'yan Preston North End fara ce, tambarinsu ɗan rago ne na garin, babbar abokiyar hamayyarsu kuwa Blackpool ce, kuma mutumin Preston zai yafe rashin nasara a hannun kowa ban da ita.

Akwai wata rana guda da muke so ka sani. A farkon shekarun 1970 kocinsu Alan Ball babba ya yaba wa magoya baya ya kira su manyan gari, sai wasunsu suka fara zuwa fili sanye da kwat da baƙar hular Turawa mai kama da kifaffiyar ƙwarya. Daga baya aka mayar da abin al'adar shekara-shekara. Ana zaɓar wasa ɗaya na waje a kowace kaka, dubban mutane su shiga jirgin ƙasa da motoci cikin wannan shiga, su tafi garin abokan karawa domin tunawa da magoya baya da tsofaffin 'yan wasan da suka mutu cikin shekarar. Yawancin masu sa hular ba a haife su ba lokacin da Preston ta buga wasanta na ƙarshe a rukunin farko.

Mun gode da tambaya, Malam. A huta lafiya.